Lanƙwasar da Ta Ƙi Juyawa

Litinin, 5 ga Mayu, huɗu na yamma

Madubin Vinh a lanƙwashe yake. Na faɗa masa, ya ce wai in je in sha kofi in dawo.

Tun bara yake ƙunshe a ɗakinsa na ƙasa yana goge madubin nan, wanda za mu kafa sabon gwajinmu a kansa. Yau ya hauro da shi a rungume kamar jariri, har da cewa mutane su ba shi hanya. Na ɗora shi a tebur, na kunna lesa, fitilar nan mai siririn haske miƙaƙƙe, na raba hasken gida biyu yadda aka saba: rabi ya je madubinsa, rabi ya je madubin awo, su dawo su haɗu a kan farin kati. Idan fuskar madubi a baje take sumul, layukan haske da duhu za su fito a miƙe kamar haƙoran matsefi. Na rufe idon hagu na duba. Can tsakiya, ɗan dama kaɗan, layukan sun lotsa kamar an danna su da ɗan yatsa.

Vinh ya ce, "Naz," haka yake gajarta sunana, "kyamara fa ta ce a miƙe suke."

Na ce, "Ita kyamarar a wace jami'a ta yi karatu?"

Kusan shekara talatin ke nan duk wanda ya goge gilashin awo a Melbourne, da ya gama sai a ce masa ya kai wa Narelle ta duba, wato ni. Ba a cewa ya kai wa kyamara. Shi kansa Vinh tun muna ɗaliban digiri na uku da idona yake rantsuwa, yau don na taɓa ɗan lelensa ya tsaya yana min musu.

Ina fitowa Kerryn, jami'ar kiyaye haɗari, ta tare ni a bakin ƙofa. Zancen gwajin ido ne da ake yi mana duk shekara, mu masu aiki da lesa. Matar da ta gwada ni makon jiya ta ce ta ga wani abu a bayan idona na dama, in ga babban likita cikin mako guda, kada in ja lokaci. Kerryn ta ce sai likita ya wanke ni, in ba haka ba doka ta ce in ajiye makullin ɗakin lesa. Makullina! Ni da na zaɓi fentin ɗakin da hannuna. Na ce mata zan je, bari dai in gano abin da ke damun layukan nan tukuna.

Na rubuta wannan sau ɗaya, ba zan ƙara ɓarnar tawada a kansa ba.

Talata, 6 ga Mayu, ɗaya na rana

Na koya wa 'yan aji ɗaya dokar da nake koyarwa duk shekara, kuma duk shekara sai sun manta: in ka ga aibi a layuka, kada ka zargi kowa tukuna. Juya abin da kake zargi. In aibin ya juya tare da shi, to nasa ne. In ya tsaya inda yake, abin ba shi da laifi, nemi na gaba. Rabinsu suna danna waya. Wata a sahun gaba ta ɗaga hannu, na ce to ga mai hankali, sai ta tambaya ko zai fito a jarrabawa.

Na sauko na juya madubin Vinh. Lanƙwasar ko gezau. Na ƙara juyawa. Tana nan, tsakiya, ɗan dama kaɗan.

To, ba madubinsa ba ne. Na sayo masa fai, gasasshen fulawar nan mai nama a ciki, a kantin ƙasa na dire masa a tebur. Ya ce, "Wannan ban haƙuri ne ko toshiyar baki?" Na ce ya ci kafin ya huce. Mutumin nan in ya yi gaskiya sau ɗaya, sai kowa ya ji a jikinsa har ƙarshen zango.

Alhamis, 8 ga Mayu, biyar na yamma

Na juya madubin awo, wanda na ɗauko daga Jamus a kan cinyata don ban yarda a jefa min shi cikin kaya ba. Tana nan. Na ciro gilashin da ke raba hasken na sa wani. Tana nan.

Taram ne, jirgin ƙasan nan na cikin gari. Tun da aka sake shimfiɗa layinsa a titin gabanmu nake jin ginin nan yana rawa. Vinh ya ce teburin a kan iska yake shawagi, ko giwa ta wuce ba zai ji ba, kuma girgiza rawa take sa layuka, ba ta lotsa su wuri guda. Na ce na gode, Farfesa, da ma ban sani ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, goma na safe

Asibiti sun kira. Ina aji.

Litinin, 12 ga Mayu, uku na rana

Shugaban sashe yana son kowa ya sabunta tarihin aikinsa na shafin jami'a, da abin da yake bincike a kai, "a taƙaice, cikin harshen da kowa zai gane". Tebur yana can yana min iskanci, ni kuma an zaunar da ni ina yi wa kaina kirari.

Me zan rubuta? Cewa na tashi a gonar tumaki a Wimmera, kuma aikina na farko auna kaurin gashin tumaki ne da haske, a wata rumfa mai warin maiƙo? Cewa lokacin da na zo sashen nan ni kaɗai ce mace, har wani ya miƙo min kofinsa in wanke? Shekarun Jamus, takardu, ɗalibai, lambar yabon da ke tokare min ƙofa in ana iska. Duk abu ɗaya nake yi: ina auna abin da ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, da haske, ta hanyar kallon layuka.

Gaskiyar magana ba a jami'a na koya ba. Baba ne, ranar da muke kafa shingen arewa ni da shi da yayana Murray. Ya tsayar da ni a turken farko ya ce, "Rufe hagu, Nell. Ido biyu gardama suke yi. Bi turakun da dama, ki faɗa min wanne ya kauce." Na ce na can, ya je ya gyara, bai tambayi kowa ba. Tun ranar hagu yake rufe kansa in na sunkuya duba abu, ba sai na sa shi ba.

Ba zan sa wannan a shafin jami'a ba. Na rubuta musu, "Tana binciken auna ƙananan abubuwa da haske." Su ƙara gishirin da kansu.

Laraba, 14 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Labulen katakon ofishina ya lanƙwashe a tsakiya. Na kira masu gyara, mutum ya zo ya tsaya yana kallon labule yana kallona, ya ce a ina? Haba! Sai ka ce ni na ɗauke shi aiki in kuma nuna masa aikin. Na ce ya bar shi kawai. Na ɗage labulen sama gaba ɗaya, yanzu rana ke dukana a keya.

Alhamis, 15 ga Mayu, shida na yamma

Na cire gilasan tara haske ɗaya bayan ɗaya, na wanke kowanne, na juya, na mayar. Na kashe na'urar sanyaya ɗaki ko iskarta ce. Na liƙe ƙasan ƙofa. Na canza farin katin ma, don takaici.

Tana nan.

Kerryn ta leƙo da ɗan murmushinta na masu jinya, ta ce, "Narelle, yaya muke ciki?" Mu wa? Na ce muna aiki. Ta ce ta ɗaga min ƙafa har ƙarshen wata, bayan nan ba hannunta. Na tsani a yi min kirki a irin wannan lokacin, gara a zage ni in san abin yi.

Asabar, 17 ga Mayu, tara na safe

Wanda ya sa tayil ɗin banɗakin gidan nan ɓarawo ne, a karkace ya jera su. Shekaru ina wanka a ciki ban lura ba sai yau.

Na zuba shayi rabi a kofi rabi a tebur. Bakin butar ne.

Talata, 20 ga Mayu, huɗu da rabi na yamma

Na kwance teburin gaba ɗaya. Eh, gaba ɗaya. Saitin da muka yi shekaru muna lallaɓawa, wanda ba a yarda kowa ya jingina da shi ko ya yi atishawa kusa da shi ba, yanzu yana cikin akwatuna a jere a ƙasa. Zan sake ɗora komai daga farko, abu ɗaya bayan ɗaya, in ga a inda lanƙwasar za ta shigo.

Vinh ya shigo ya tsaya cak. Gwajinsa ma a kan teburin yake, na sani, ba sai an tuna min ba. Ya dubi akwatunan, sai ya ce, "To. Kin ci abinci?" Ya tafi ya dawo da miyar taliyar nan ta mahaifiyarsa a kwano mai murfi. Da ya yi faɗa da na ji daɗi. Na ci ina jin haushinsa, miyar kuma ta yi daɗi, abin ya ƙara ba ni haushi.

Laraba, 21 ga Mayu, tsakar rana

Asibiti sun sake kira. Sun bar saƙo. Muryar yarinyar kamar mai tallan inshora.

Alhamis, 22 ga Mayu, biyar na yamma

Lesa, gilashin rabawa, madubi biyu, kati. Ba abin da ya rage a kan tebur sai waɗannan, kuma kowanne sabo ne daga kwali, na aro su daga ɗakin koyarwa. Ko ɗan sakandare zai iya haɗa wannan. Na kunna. Na rufe hagu.

Tsakiya, ɗan dama kaɗan. Har ta fi da girma, kuma yanzu akwai wani ɗan dishi-dishi a cikinta kamar an taɓa kati da maiƙo.

Vinh yana bayana a tsaye da tabaransa na kariya, ban ma ji shigowarsa ba. Ya ce, "Naz."

Na ce, "Kada ka ce min kyamara."

Ya ce, "Ba kyamara zan ce ba. Kin juya madubina, kin juya naki, kin juya gilasai, kin juya kati. Saura ki juya ginin. Abu ɗaya ne a ɗakin nan ba ki juya ba, kuma ke kika koya min dokar."

Na ce ya fita.

Ya ce, "Ni zan kai ki. Motata tana ƙasa, yanzu ma in kina so."

Na ce ya fita min daga ɗaki, kuma in yana son ɗakin ne da makullin ya fito fili ya faɗa, ba sai ya biyo ta bayan gida ba. Fuskarsa ta canza. Ya cire tabarau ya rataye a ƙusa a hankali, ya ja ƙofa ba tare da ƙara ba.

Bai kamata in faɗi haka ba. Mutumin da ya riƙe min hannu ranar jana'izar Baba. Amma shi ma wa ya aike shi?

Juma'a, 23 ga Mayu, biyu na rana

Vinh bai zo cin abinci ba. Oho.

Murray ya kira, wai gobe yake cika shekara, in zo ko ya sa karnuka su zo su koro ni. Ya ce in hau jirgin ƙasa zai ɗauke ni a tasha. Na ce me ya sami motata? Ya ce ba komai, hanya ce da nisa. Wato Vinh ya kira shi ke nan. Munafukai, an haɗa min kai.

Zan hau jirgin, amma don ina da takardun jarrabawa da zan duba ne. Su ma injin da ya buga su ya ci haruffa a tsakiyar layi.

Asabar, 24 ga Mayu, biyar na yamma

Gona tana nan yadda take, sanyi da iska da kukan 'yan raguna. Murray ya ƙara tumbi. Ya gasa haƙarƙarin rago ya ƙona rabi, ya ce haka ake yayi a birni. Bai tambaye ni komai ba, sai kallona yake ta gefen ido kamar tunkiyar da yake zargin tana ɗingishi. Na ce in ya ƙara kallona haka zan kifa masa farantin. Ya ce, "Sannu, Farfesa, da ma ke ce mai ido a gidan nan."

Lahadi, 25 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Bayan karin kumallo na taka zuwa shingen arewa, Murray yana biye da ni da karnuka. Na tsaya a turken farko inda Baba ya tsayar da ni. Hagu ya rufe kansa.

Na ce, "Murray, ka bar shingen Baba ya lalace. Dubi can tsakiya, turaku sun kauce, waya ta lotsa."

Ya ce, "Nell, shingen nan ko ambaliya ba ta motsa shi ba. Bara aka zo auna iyaka da na'ura, mutumin har hoto ya ɗauka."

Na ce ni nake gani da idona, zai gaya min? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To juya shi mana. Ba haka kike cewa ba?" Da wasa ya faɗa, don tun muna yara yake tsokanata da maganganuna.

Shinge dai ba ya juyuwa. Na tsaya iska tana dukana. Sai na kwantar da kaina a kan kafaɗa, a hankali, kamar kaza tana kallon shaho.

Ta juya. Lanƙwasar ta bar turakun da take kai, ta gangaro kan ciyawa. Na miƙe kai, ta koma. Na kwantar ɗaya gefen, ta hau sama ta lotsa gindin gajimare. Na kai dubana can ƙarshen shinge, ta riga ni isa.

In aibin ya juya tare da shi, to nasa ne.

Na zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na daɗe ina jin sa, tun ranar da na fara juya madubin Vinh. Wata karya ta zo tana lasar min kunne. Murray ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa, ya ce, "Da asuba za mu kama hanya. Ni zan tuƙa, kuma ba na son jin bakinki."

Ban ce komai ba. Ya ce wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Talata, 27 ga Mayu, huɗu na yamma

Allura a cikin ido. A cikin idon, ba kusa da shi ba. Wai kada in motsa, sai ka ce da rawa na zo yi.

Likitar ta miƙo min wani kati mai layuka a tsaye da a kwance, ta ce in rufe hagu in faɗa mata ko a miƙe suke. Ni za a ba katin layuka! Na kusa yin dariya. Na nuna mata wurin da ɗan yatsa, tsakiya, ɗan dama kaɗan, ta ce ba ta taɓa samun marar lafiyar da ta kwatanta shi daidai haka ba. Na ce na yi makonni ina nazarinsa.

Ta ce ai makonnin nan ne matsalar. Wata jijiya ce ke yoyo a bayan idon. Allurar za ta tsayar da ita, wata-wata zan riƙa zuwa. Abin da makonnin nan suka ci kuwa, ta ce kada in sa rai zai dawo duka. Ba ta yi min faɗa ba. Me ya sa kowa ya daina yi min faɗa ne?

Laraba, 28 ga Mayu, tara na safe

Ido kamar an zuba yashi. Murray ya koma gona, ya bar min firji cike da naman da ba zan iya cinyewa ba.

Juma'a, 30 ga Mayu, uku na rana

Na je in kai wa Kerryn makulli. Ta ce ba gaggawa, za a zauna a duba irin aikin da zan iya ci gaba da yi, amma mai ido ɗaya lafiyayye ba a barin sa shi kaɗai da babbar lesa. Na ce na san dokar, ina cikin waɗanda suka rubuta ta. Na ce ta ba ni minti kaɗan in ɗauko kofina.

Na buɗe ɗakin na tarar da akwatunan duk babu komai a ciki. Vinh ya mayar da komai kan tebur, shi kaɗai, kowane gilashi a mazauninsa, madubinsa a tsakiya. Yana zaune a kujerata ya yi zuru-zuru kamar wanda bai yi barci ba. Na buɗe baki zan yi maganar ranar Alhamis, ya ce, "In fai ne kika kawo, ajiye can. In magana ce, riƙe abarki." Ya miƙo min tabarau. Ya ce saitin bai gamsar da shi ba, kuma shi bai yarda da kyamara ba, ba ta yi karatu a ko'ina ba.

Ya kunna ƙaramar lesa. Na sunkuya kan katin, sai hagu ya rufe kansa. Na buɗe shi, ya sake rufewa. Na yi ƙoƙarin rufe dama, fuskata ta ƙi, ba ta san yadda ake yi ba, sai yamutsewa take kamar na sha lemon tsami. Vinh yana ta danne dariya har kafaɗunsa na rawa. Na ce in ya kuskura ya yi dariya sai na fasa madubin a kansa.

Ƙarshe dai na cusa yatsu ƙarƙashin tabarau na danne fatar idon dama da hannu, kamar yarinya.

A miƙe suke. Tun daga sama har ƙasa, siraran layuka, ba wanda ya kauce ko kaɗan. Ban taɓa ganin madubi mai kyan wannan ba, kuma tun ranar da ya hauro da shi haka yake. Shi kuma hagu, da na yi shekaru ina rufe masa ƙofa, yau ne ya fara ganin aikin da nake yi. Na daɗe a sunkuye, har katin ya fara yi min ruwa-ruwa, wannan karon na san ba laifin katin ba ne.

Vinh ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Ba laifi."

Ya ce, "Ba laifi kawai?"

Na ce kada ya cika ni. Na zaro makullin daga wuyana na sa masa a tafin hannu, na ce gobe ƙarfe tara zai buɗe min, kuma in ya makara zai gane kurensa.